Rasuwar Tagar Burauzata Mai Shafi Ɗari da Tamanin da Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni mai ɗinkin da ke shagon jikin kemis ina sanar da 'yan uwa da kwastomomi rasuwar tagar burauzar kwamfutata, wadda nake leƙa intanet da ita. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara uku da wata huɗu ba a taɓa rufe ta ba.

Marigayiya ita ce littafin aikina, domin ni da biro ba ma shiri. Mace ta zo, mu buɗe shafi, ta nuna samfurin rigar da take so, in bar shafin a buɗe, magana ta ƙare. Ban taɓa rufe ko ɗaya ba, har na waɗanda suka karɓi kayansu suka sa suka koɗe. Shafukan sun matsu kamar haƙoran mataji, ba a ganin sunan kowa, amma ni da mazauni nake gane su. A cikinsu akwai na surukata, Mama, wadda ta ɗora yatsa a kan samfurin sau ɗaya tak wata takwas da suka wuce, kuma ba ta maimaita magana. Rigar da za ta sa ranar Asabar ce, wurin bikin kammala jami'ar autarta. Na yanka jiki, na haɗa hannu, wuya kawai ya rage.

Ciwon ajalinta ciwon ci ne. Ta cinye memorin kwamfutar kaf, tana neman ƙari. Da farko sai ta ɗan yi jim kafin ta amsa, daga baya fankar ciki ta fara "fuuuuu" tun safe har a tashi aiki, can kuma a ji "tin!" sai komai ya sandare. Ko a jinyar ba ta daina alheri ba, wallahi, don a gefenta nake ajiye shayina kada ya huce.

Likitanta na ƙarshe ƙanin mijina ne, mai gyaran kwamfuta, mutum har da furfura a gemu. Ya cire ƙananan manhajojin da na liƙa mata, har da wata da ta yi min alkawarin rangwame shekara biyu ban ga komai ba. Ya share tarihin duk inda muka taɓa leƙawa. Ya ba da shawarar a rage shafuka, na nuna masa ƙofa da almakashi. Sai ya buɗe jerin da ke tona asirin masu cin memori, ga wani shafi ɗaya a can sama, sunansa da wani rubutu na ƙasar waje, ya haɗiye kusan rabi shi kaɗai. Don a san gaskiya, ba shi ya danna ba. Ni na ture hannunsa na kashe ɓarawon da kaina.

Fanka ta yi tsit. Kai, murna! Na taka rawa da tef ɗin awo a wuya har mai kemis ya leƙo. Ina dawowa kujera na ga giɓi tsakanin shafin nas da na malamar makaranta. Na Mama ne. Ashe bidiyo ne na wata baiwar Allah da ke juyi cikin rigar, wata takwas tana juyawa ba ta zauna ba. Na rikice, na hau danne-danne don in dawo da shi, sai ga tagar gaba ɗaya ta ce "ƙit" ta tafi. Likita ya gwada duk dabarar da ya sani, ya kashe ya kunna, ya yi gumi, amma tarihin da za a bi shi ne wanda ya share da hannunsa.

Ta rasu ta bar linzamin kwamfuta mai ciwon danna hagu, da caja mai ɗaurin salatif, da keken ɗinki, da mata ashirin da uku da ban san me zan ɗinka musu ba. Ta kuma bar sabuwar taga mai shafi ɗaya, fara fat, mai saurin tsiya, wadda ba na iya ko kallonta.

Za a yi zaman makoki gobe Laraba ƙarfe goma a shago. Kada a zo da komai sai waya, kowace ta nuno hoton samfurinta. Wadda ta taɓa ganin mace tana juyi a allona, kuma ta lura da wuyan rigar, ta zauna a sahun gaba kusa da ƙanin mijina, wanda tun da abin ya faru bai taka gidan mahaifiyarsa ba. Don Allah kada wannan sanarwa ta kai kunnen Mama. Za ta zo gwaji ranar Alhamis ƙarfe huɗu, saboda haka waɗanda suka zo daga nesa kada su yi saurin komawa, a bar tabarmin a shimfiɗe. Sanarwar rasuwa ta biyu, wato tawa, maigidana ne zai sa mata hannu.