Dutsen Niƙan Kakanninmu

Shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Zariya, na kwashi iyalina daga Tudun Wada a kan jakuna, muka tafi ganin kufan tsohon garin Turunku, inda aka ce kakanninmu sun zauna. Ni ne jagora, ko da yake ban taɓa zuwa ba. Duk ganuwar da muka wuce sai na tsaya na ba da tarihinta, surukata Inna tana gyaɗa kai.

A gindin wani rusasshen bango na ga dutsen niƙa, ya sha aiki har ya yi kwarmi. Na ce, "Ku duba da kyau, wannan ya girmi kakan kakana."

Matata ta ce, "Malam, ai ga gari a jikinsa."

Na ce ba gari ba ne, tsufa ne. Na sauke Inna daga jakinta na ɗora dutsen, don ba a barin kayan gado a daji.

Ba mu yi nisa ba sai ga wata mata a guje, da ƙwaryar dawa a hannu, tana kururuwar ɓarawo. Manoma suka fito da fartanyoyi. Ashe dutsenta ne, bara ya zo cikin kayan aurenta. Aka kai ni gaban mai garinsu, ya ce in mayar da dutsen a kaina, ba a jaki ba.

Inna ta koma kan jakinta, muka kama hanyar gida. Amma har yau, in ana niƙa a gidanmu, sai ta ɗaga murya: "Ku hanzarta, kafin Malam ya gano na kakanninsa ne!"