Zagin da Ba a Rama Ba

"…ya aiki, ya gajiya?"

"Gajiya ga ta nan ta shigo da jaka a kafaɗa. Wa ya koro ka da tsakar rana haka, bawana?"

Tela ko ɗago kai ba ta yi ba daga keken ɗinkinta. 'Yar kawunsa ce, shi kuma ɗan gwaggonta, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da an yaƙushi juna ba. Mai Sharhi ya ture tarin ƙyallaye daga kan benci ya zauna yaraf.

Aikinsa sauraro ne. A kawo masa sifika ko rediyo ko hedifon, wato abin sawa a kunne, ya saurara ya rubuta wa wani shafin intanet ra'ayinsa. Kowane kaya sharhi uku yake yi masa: na matasa, na masana sauti, da na masu aikin hannu. Shekara tara yana wannan, kunnensa ne gonarsa. Amma mako uku ke nan kunnen hagun yana masa kamar ruwan wanka ya shiga ya ƙi fita. Hedifon uku a jere ya rubuta cewa ɓangarensu na hagu ba shi da ƙarfi, har edita ya kira shi ya ce masu saye suna cewa nasu lafiya lau. Na huɗun yana cikin jaka, ana jiran sharhinsa kafin a tashi aiki, shi ma kuma hagunsa a dushe yake ji. Tsoro yake ji ƙwarai, ko matarsa bai gaya wa ba.

"Taimakonki na zo yi," ya ce. "Na ga rayuwarki ba daɗi, daga zare sai allura. Ungo, ki ɗanɗana abin da manya ke ji."

"Manya! Mutum da gemunsa, sana'arsa ya toshe kunne ya lumshe ido yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Gwaggo ta yi asarar tarbiyya."

"Gara ni. Ke rigar da kika ɗinka mini bara, hannu ɗaya yana gaishe da gwiwa, ɗayan bai san gwiwar hannu ba."

"Rigar daidai take, kai ne a karkace. Me ka rubuta a kan wannan abin? Karanta in ji ƙaryar yau."

Ya ciro waya yana hamma. "Na matasa: kiɗa zai daki ƙirjinka har ka manta sunanka."

"To Allah ya sawwaƙe. Abin jin waƙa ne ko hatsarin mota?"

"Na masana: sautin ƙasa yana da ɗumi, na sama yana da sarari, tsakiyar kuma a buɗe take."

"Wannan ai ɗakin haya kake talla. Akwai banɗaki a ciki?"

"Jahilci dai bai yi ba. Saura na masu aikin hannu irinki, waɗanda ba su san daɗi ba. Shi ne na ce bari in nemo mafi ƙarancin fahimta a dangi in gwada a kanta."

"Ka kyauta da ka fara gwadawa a kanka."

Ta karɓi hedifon ɗin ta ɗora a kan ɗankwalinta, ya kunna mata waƙa. Ta taka keken, allura ta ci gaba da cin bakin zane. Shi kuwa ya zuba wa fuskarta ido. Can ta cire ta ajiye kusa da almakashi.

"Rubuta. Ana jin mai waƙa ko keke yana gudu. Ba ya matse kai. Amma kunne yana gumi, kuma in mai kaya ya yi sallama ba za ka ji ba, sai dai ka ga mutum tsaye a kanka kamar aljani."

Ya rubuta, don gaskiya ta fi shi iya faɗa. Sannan ya tambaya, yana kallon wayar kamar abin bai dame shi ba, "Hagu da dama fa? Daidai suke?"

"Daidai kamar hannayen rigunan da nake ɗinkawa."

"To mun shiga uku."

"Kai, da gaske nake. Duk ɗaya suke, ba wanda ya fi wani."

Dama ya san amsar tun daga gida, sai dai jin ta a bakin wani daban ne. Tela ta tashi da zanen ta nufi teburin guga da ke hagunsa. Ya duƙa a kan wayar yana goge layin da ya rubuta da safe cewa hagun ba shi da ƙarfi, yana sake rubutawa, yana sake gogewa. Ba abin da ke iso masa daga can sai wani gunguni da ya ɗauka hucin dutsen guga ne.

Sai ganinta ya yi ta zagayo gabansa, zanen a hannu, dariyar ta bar fuskarta.

"Me na ce?"

"Me kika ce yaushe?"

"Yanzun nan. Na ce kanka kamar kankanar da ta faɗo daga mota. Na ce tausayi ya sa matarka ta aure ka. Na ce sharhinka ko kai ba ka iya karanta shi har ƙarshe. Uku ke nan, ka yi shiru."

"Girma ne ya zo mini. Na daina biye wa yara."

"Ƙarya kake. Ranar da aka yi maka aikin hanji, ido a rufe ka rama mini zagi. Tun yaushe kunnen?"

Ya buɗe baki zai kawo wata ƙaryar, sai ya ji ya gaji, gajiyar mako uku gaba ɗaya. "Mako uku," ya ce a hankali. "In edita ya sani, shi ke nan. Wa zai ɗauki mai sharhin sauti da kunne ɗaya?"

"Shi ne ka zauna kana ɗora wa kayan mutane laifi? Hedifon uku ka yi wa ƙazafi, bawan Allah!" Ta cire filogin dutsen guga da ƙarfi. "Gobe da safe ba zan buɗe shago ba, asibiti za mu je wajen likitan kunne. Wataƙila ma dattin shekara arba'in ne, don ban taɓa yarda kana wanka ba. Yau kuma matarka za ta ji, ko daga bakinka ko daga nawa."

"Sharhin fa?"

"Ka rubuta hagu lafiya lau, ni na ji. Kafin a gyara naka, na ara maka nawa kunnen. Ka riƙa kawo kayan nan, in saurara, kai ka zuba musu ɗumi da sarari."

Ya yi 'yar dariya, idonsa ya ciko. Ya laluba jaka ya ciro tsohon hedifon ɗinsa na kansa, wanda ko ɗansa ba ya bari ya taɓa, ya ajiye mata a kan keken.

"Riƙe. Kin ci wasan yau."

"Ban ci ba tukuna. Ba na cin wasa a kan wanda bai ji ba."

Ta jawo kujerarta ƙiiii, ta zagaya da ita damansa, ta zauna daf da shi.

"To, buɗe mai kyan da kyau, daga farko zan sake. Kanka kamar kankanar da ta faɗo daga mota."

"Kankana ko ta fashe ana sha," ya ce. "Naki kan fa, ko awaki sun ƙi."

"Yauwa," ta ce. "Saura biyu."