Ɗalibai Ɗari Biyu a Kujera Ɗaya

Kaka ba ta da haƙuri, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga takardu a ofishin makarantar firamare, ba a taɓa sa ta jira ta yi shiru ba. Shi ya sa da ta ji jikanta Dogo zai je shagon kayan hoto ƙarfe goma, ta gayyaci kanta, ta isa tara da rabi, ta karɓe kujerar mai shago.

Dogo a shagon fotokofi yake aiki, hoto kuwa a gefe yake yi. Yanzu wata makaranta ta ba shi gwaji. Ranar Litinin zai ɗauki hoton katin shaida na ɗalibai ɗari biyu, a ɗakin taro mara haske. In ya yi kyau, aikin hoton makarantar na shekara nasa ne, ya huta da tsayuwa gaban injin fotokofi. Kyamararsa ƙarama ce, ba ta da fitila a jiki, dole ya sayi filashin da ake ɗora mata a ka, kuma abin da ke aljihunsa ba ya sayen biyu.

Dogo ya shigo, ya tarar da ita a zaune. "Amarya, ina kwana? Har kin ƙwace wa bawan Allah kujera?"

"Lafiya lau, maigida. Na ɗauka mota ta taka ka, har na fara duba wanda zan aura."

"Wa zai kwashe ki? Ni ma tausayi ne."

"Tausayin da ke kawo ka gidana duk sanda ka ji an sauke tukunya. Ina 'yar kyamarar taka?"

Ya ciro ta daga jaka. Kaka ta auna ta a tafin hannu, ta taɓe baki.

"Wannan ce ka yi wata takwas kana tara mata? Akwatin ashana."

"Mara madubi ake ce mata, Kaka. Ita ake yayi."

"Ta dace da kai. Mai irin fuskarka me zai yi da madubi?"

Mai shago ya danne dariya, ya jera filashi uku a kan gilashin kanta. Na farko na kamfanin kyamarar ne. Dogo ya ɗora shi, kyamarar ta rinjaya gaba kamar za ta kife. Da ya ji kuɗinsa, ya cire shi a hankali da hannu biyu, ya mayar da shi cikin kwali.

"Me ya faru, maigida? Ya cije ka?"

"Nauyi gare shi."

"Na ga nauyin a fuskarka."

Na biyu kuwa baƙi ne mai sheƙi, da ɗan allo mai launi a baya da maɓallai birjik, ga shi ya fi duka araha. Idon Dogo ya kafe a kansa. Na uku ko taɓa shi bai yi ba, don kwalinsa ya lotse a gefe, ba shi da wani ado.

"Wannan zan ɗauka," ya ce, yana shafa mai sheƙin. "Ki duba allonsa. Shugabar makarantar tana gani za ta san ƙwararre ya zo."

"Allon za ta manna wa yara a kati?"

"Ke me kika sani a hoto? Zamaninku sai mai hoto ya rufe kansa da bargo, ku tsaya kamar an shanya ku."

"Ban san hoto ba, na san yara. Ɗora shi. Yau ni ce ɗalibai ɗari biyu."

"Ɗaliba mai haƙora shida?"

"'Yan aji ɗaya ma ba su fi haka ba. Ɗauka."

Ta gyara zama, ta sa mai shago ya kashe fitilar da ke kanta, ta kafe kyamarar da ido. Dogo ya danna. Haske ya watsu a fuskarta.

"Na gaba," ta ce, ta karkata kai hagu.

Ya danna.

"Na gaba."

Haka suka yi ta yi. Wajen na goma sha biyar, 'yar fitilar da ke nuna filashin ya shirya ta fara jinkiri. Dogo ya tsaya da yatsa a kan maɓalli.

"Me kake jira?"

"Yana cika ne. Ki ɗan yi haƙuri."

"Ni ba Kaka ba ce, ɗan aji biyu ne. Yanzu na mintsini na gabana. Ga shi yana kuka."

Filashin ya tashi.

"Na gaba. Wannan fitsari take ji, ta fita daga layi, ƙawayenta uku sun bi ta."

"Kaka, don Allah."

"Malamin lissafi ya leƙo, yana so a mayar masa da ajinsa. Shugaba ta duba agogo. Ta sake dubawa."

A na ashirin da bakwai filashin ya ƙi tashi gaba ɗaya. Wata alama ja ta fito a kyakkyawan allon. Dogo ya taɓa kan filashin, ya janye yatsa da sauri.

"Ya ɗauki zafi," mai shago ya ce, yana sosa ƙeya. "In ya huta minti goma zai dawo. Gaskiya ba a yi shi don irin wannan aikin ba."

"Saura yara ɗari da saba'in da huɗu, maigida. Me za ka yi musu a minti goman, waƙa?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Ya juyo da bayan kyamarar yana duba hotunan. Goshin Kaka na ƙyalli kamar an zuba masa mai, idanunta a runtse, ga baƙar inuwa a bango bayanta. Kaka ta ga yadda wuyansa ya saki. Ta san yaron nan tun ranar da aka miƙa mata shi a zani, ta san shirun da yake yi in tsoro ya kama shi. Ba ta lallashe shi ba, lallashi ba aikinta ba ne.

"Miƙo mai lotsattsen kwalin," ta ce wa mai shago. "Shi me ya iya?"

Mai shago ya ce na wani ƙaramin kamfani ne, amma an yi shi don irin kyamarar Dogo. Ya nuna musu 'yan ƙusoshin da ke ƙafarsa, ya ce sun yi daidai da na kan kyamarar, don haka ita za ta riƙa gaya masa yawan hasken da zai bayar. Kansa yana ɗagawa sama, yana juyawa gefe. Ya ɗan fi mai sheƙin tsada, amma bai wuce ƙarfin Dogo ba, kuma da garantin shekara.

"Me yake ci?"

"Batir huɗu, Hajiya, irin na agogon bango."

"Wancan fa?"

"Nasa na musamman ne, in ya mutu sai an yi oda."

"Ka ji? Ka so ka auro wadda ba ta cin abincin gidanku."

"Ai na riga na auro," Dogo ya ce, muryarsa ta ɗan dawo. "Ga ta nan a kujerar mutane."

Ya ɗora mai lotsattsen kwalin, ya ɗaga kan filashin ya fuskanci silin.

"Ni ina nan, kana haska sama. Gizo-gizo za ka yi wa kati?"

"In hasken ya bugi farin silin, sai ya sauko a hankali, ba ya marin fuska."

"In silin ɗin makarantar ba fari ba ne fa?"

"Fari ne, kuma ba shi da tsawo. Jiya na je na gani. Har bangon da zan tsayar da su na zaɓa."

Kaka ta dube shi ta saman tabarau. Ta gyara mayafinta sau biyu, ko da yake bai zame ba.

"Na gaba."

Ya danna. Tsakanin kowane hoto filashin na ɗaukar kamar numfashi ɗaya. Ta yi yaro mai gwalo, ta yi mai kunya, ta yi wanda ke neman atishawa. Suka wuce ashirin da bakwai. Suka wuce arba'in. Wata mata da ta shigo sayen katin ajiyar hoto ta tsaya kallo, har ita ma ta riƙa taya Kaka cewa "na gaba".

"Sittin," mai shago ya ce. "Hajiya, batir ɗina ne fa."

"Taɓa kansa, maigida."

"Ɗumi kawai."

"Ci gaba."

"Kaka, hannuna ya gaji."

"Ashe kai ne za ka ɗauki zafi. Malam, ba ka da wani jikan a cikin kwali? Ko lotsattse ne ina so."

Dogo ya sauke kyamarar, ya kwashe da dariya har yana dafa kanta.

"Na sallama. Shi zan saya. Kin ci, tsohuwa."

"Daman."

Ta buɗe jakarta, ta ce a ba shi batir takwas masu caji da abin cajinsu, huɗu a ciki, huɗu a aljihu, ta biya ba tare da ta dube shi ba. Ya buɗe baki zai yi godiya.

"Rufe. Nuna min na ƙarshen."

Ya miƙo mata. Ta nesanta kyamarar, ta matso da ita. Babu ƙyallin goshi, babu inuwa a bango. Wata tsohuwa ce mai kaifin ido, kowane layi na fuskarta ya fito a inda yake, kuma bakinta na shirin faɗin wata magana. Ta daɗe tana kallo.

"Ya yi?" Dogo ya tambaya. Wannan karon ba zolaya a muryarsa.

"In ka iya fitar da ni haka, yaran mutane ba za su gagare ka ba."

Ta miƙa wa mai shago kyamarar.

"Malam, wanke min wannan guda biyu. Ɗaya nawa, ɗaya ya kai wa shugabar makarantar ta gani kafin ya ɗauki yaro ko ɗaya. Kuma don Allah kada wanda ya goge min komai a kwamfuta. Ku bar ni da shekaruna."