Kallabin Kaka Radojka a Kan Famfon Mai

"Sannu da hutawa, angona," in ji Kaka Radojka ta tagar mota, alhali tana kallon jikanta Milutin durƙushe a bayan motar, inda injinta yake, gumi ya jiƙe masa sabuwar riga.

Ranar bikin waliyyin gidansu ce, tsakiyar zafi. A cinyarta akwai burodin bikin da ta toya da hannunta, wanda dole limamin coci ya yanka shi kafin a tashi daga ibadar safe, in ba haka ba gidan bai yi biki ba ke nan a bana. Tunda aka kawo ta gidan tana amarya hakan bai taɓa faruwa ba. Ga shi 'yar motar da marigayi mijinta ya bari, wadda ta girmi uban Milutin, ta yi tari a tsakiyar hawan dutse ta mutu. Ana jiyo ƙararrawar cocin daga sama.

"Hutawa kika gani? Nauyinki ne ya kashe ta. Tsofaffi biyu a hawa ɗaya, ai zalunci ne."

"Ni da ake ɗauka kamar gashin kaza? Kai dai ka ce kakanka ya bar maka makulli, ya tafi da hannun gyaran."

Milutin ya rantse kafireta ce, mai haɗa mai da iska, ta toshe. Ya cire murfin iska, ya leƙa, ya ga cikinta a bushe ƙamas. Sai ya zare tiyon mai ya kai baki ya zuƙa, yadda ya sha ganin kakansa yana yi. Fetur mai zafi ya cika masa baki, ya yi ta tofarwa a ciyawa. Tsohuwa ta ce madalla, yau dai ya sha abin da ya fi barasar ubansa tsabta. Shi kuma ya ce da zarar sun sauka zai sake ta, ya haɗa ta da motar ya kai wa masu sayen tsohon ƙarfe, kuma ya san motar za su zaɓa.

Ƙararrawa ta sake kaɗawa, ya duba sama, dariyar ta ɗauke masa. Ya jawo sukundireba zai kwance kafiretar gaba ɗaya.

"Ajiye," ta ce. Ta fito, ta ɗora burodin a kujera, ta zagayo a hankali. Ba ta kalli kafireta ba. Bayan hannunta ta kai kusa da famfon mai, kamar mai duba zazzaɓin jariri, ta janye da sauri.

"Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ba toshewa ta yi ba, zafi ne ya dafa mata man ya zama tururi, famfon yana ta buga iska. Ɗebo ruwa a waccan ƙoramar."

Ya ɗebo a gora. Ya waiga neman tsumma, babu, don shi da kansa ya share motar jiya ya fitar da komai. Ya kai hannu ga ƙyallen da aka lulluɓe burodi, ta buge hannun.

Sai ta kwance baƙin kallabinta, wanda ba ta taɓa fita babu shi ba tun rasuwar mijinta. Kitso guda ya sulalo mata har ƙugu, fari fat, kauri kamar igiyar rijiya. Milutin ya tsaya riƙe da gora. Tun da ya yi wayo bai taɓa ganin kan kakarsa ba, bai ma taɓa tunanin akwai wani abu ƙarƙashin baƙin ƙyallen nan ba. Ta jiƙa kallabin, ta naɗe famfon da shi, ya yi cuu, tururi ya tashi. Ta ƙara zuba ruwa, ta ɗan danna hannun famfon da babban yatsa tana sauraro, har suka ji mai yana tsiyaya cikin kafireta.

"Rufe baki kar ƙuda ya shiga. Je ka murɗa."

Murɗawa ta farko motar ta yi atishawa, ta biyu ta kama, tana rawa kamar budurwa.

A hanya ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, ko kakansa ne ya koya mata. Ta ce wane shi, mutumin da in mota ta tsaya sai ya zauna a gefen titi yana yi mata wa'azi.

A ƙofar coci mutane ba su fara fitowa ba tukuna. Ta rungumi burodi za ta sauka, sai ta dafa kanta ta tsaya. Kallabin yana can kan famfo, ya sha mai da ƙura, ita kuwa ba ta shiga coci kai a buɗe.

Milutin ya tuɓe sabuwar rigarsa, ya ninka, ya yafa mata, ya ɗaure hannuwan rigar a ƙarƙashin haɓarta. Ya rage daga shi sai singileti.

"Na fasa sakin," ya ce yana dariya. "Ga lefe."

"Wari yake," in ji ta, ta gyara ɗaurin, ta wuce ciki.