Ranar da Na Kashe Wutar Unguwa da Yatsa Guda

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da ranar da aka zo duba aikin wutar da na yi a asibitin surukina. Sana'ata wayarin ɗin gidaje ce a Kaura Namoda. Na daɗe ina yi, kuma ba yabon kai ba, ban taɓa ƙona gidan kowa ba. (Akwai wani shagon tela da ya taɓa yin hayaƙi, amma wannan laifin dutsen gugarsa ne.)

Surukina, Alhaji Bawa, mutumin Shinkafi ne, dillalin shanu, mutum mai tsadar magana da tsadar dariya. Ya gina ɗan ƙaramin asibiti a Kaura saboda ɗansa da ya gama karatun likita. Mutane suka ba shi shawara ya ɗauko ma'aikatan wuta daga Gusau, shi kuwa ya ce, "Ina da mai wuta cikin gida, mi za ya kai ni Gusau?" Tun da na auri 'yarsa Hadiza ban taɓa jin ya faɗi magana mai daɗin wannan a kaina ba. Ita ma ba a gabana ya faɗe ta ba, Hadiza ce ta kawo mini ita da ɗuminta. Kwana uku ina tafiya kamar an ƙara mini tsawo.

Sharaɗin dai guda ne: ba za a buɗe asibitin ba sai jami'in duba wuta ya zo ya sa hannu. Alhaji kuwa ya riga ya sa ranar walimar buɗewa, Asabar, ya aika wa 'yan uwa har Zurmi da Dauran, ya ware sa guda. Wato mutuncinsa ya ɗauka ya damƙa a hannuna.

A takardar aikin an rubuta cewa duk inda ake taɓa ruwa, kamar ɗakin haihuwa da wurin wanke hannu, sai an sa wani irin soket na musamman. Amfaninsa shi ne, da zarar wuta ta saki hanyarta za ta bi jikin mutum, sai ya yanke ta kafin ƙiftawar ido. Yana da maɓalli biyu a fuska, ɗaya na gwaji ɗaya na maido da wuta. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce ban taɓa ɗaura irinsa ba sai a lokacin. Takardar bayanin da ta zo cikin kwalin kuwa, na ƙunshe kusoshi da ita. Na ce a raina, soket ai soket ne, yaushe takarda za ta koya mini sana'ata?

Ranar Laraba da hantsi na iso cikin shadda sabon ɗinki, hula ta sha kari. (Mai hankali da kayan aiki yake zuwa wurin duba aiki, ni kuwa na fito kamar mai zuwa ɗaurin aure.) Tabarau ɗina ma na bar shi gida, don kada in yi kama da tsoho. Alhaji ya zo da aminansa biyu. Muna tsaye sai ga wata mata ta sauko daga babur da jaka a kafaɗa, ta gaida Alhaji cikin ladabi ta ce ita ce Injiniya Rifkatu, jami'ar da aka turo. 'Yar kudancin Kaduna ce da ta daɗe a Kaura, ba ta da hayaniya. Ina ganin shirunta sai na ji zuciyata ta ƙara faɗi.

Muka zaga ɗaki ɗaki, tana dubawa tana rubutu. Ni kuwa bakina bai huta ba, ina bayanin da ba a tambaye ni ba. Da muka shiga ɗakin haihuwa ta nuna soket ɗin da ke gefen famfo ta ce, "Malam, bari in gwada wannan."

Na ce, "Haba Injiniya, ki huta. Ni na ɗaura shi, ni zan gwada."

Na ɗauko ƙwan lantarkin da nake gwaji da shi na jona, ya kama tar. Na gyara wuyan riga, na juya wajen dattawa na yi musu lacca: yadda wuta take da ruwa, yadda wannan ɗan abu zai ceci ran ungozoma mai jiƙaƙƙen hannu. Sannan na ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, na ce, "Bismillah," na danna maɓallin da ya fi kusa da ni.

Ƙwan ya mutu nan take.

Ɗakin ya yi tsit. Har ƙarar mai waldan da ke ƙetaren titi, wadda ta dame mu tun safe, ta ɗauke. Ni a wautata na ɗauka shirun girmamawa ne. Ɗaya daga cikin aminan Alhaji ya ɗaga kai ya ga fankar sama tana rage gudu, ya ce, "Kai! Har hwanka yak kashe?"

A nan ne Allah ya ba ni ƙofar fita, na sa ƙafa na rufe ta. Ko ɗan koyo ya san fanka ba ta kan layin soket. Amma idon Alhaji na kaina, kuma karo na farko na ga alamar murmushi a gefen bakinsa. Sai na ji bakina yana cewa, "Ai ƙarfinsa ke nan, Baba. In ya tashi yankewa ba ya barin komai."

Alhaji ya dubi aminansa ya ce, "Kun gani ko? Wanga shi na aiki." Injiniya Rifkatu ta ɗago kai. Ta dubi fankar, ta dubi taga, ta dubi agogon hannunta.

Sai muka jiyo mai walda daga waje yana yi wa wani magana da ƙarfi, "Sai haƙuri, sun ɗauke! Ka dawo in an kawo."

Ɗaya dattijon, wanda bai yi magana ba tun da muka shigo, ya leƙa taga ya juyo da gaskiyarsa ya ce, "Ikon Allah. Yaro, har shagon mai walda kak kashe?"

Da a ce ba'a yake yi da ya fi mini sauƙi. Na buɗe baki ina laluben abin da zan ce. Ban samu ba, domin a daidai lokacin masu wuta suka ga dama suka maido da ita. Fanka ta fara juyawa, mai walda ya ci gaba da tartsatsinsa, ƙwan da ke hannuna ya kama tar a fuskata, ba tare da kowa ya taɓa soket ɗin ba.

Injiniya ta ce a hankali, "Malam, da ya yanke, da ƙwan nan bai kama ba sai an danna na maidowa. Wanne ka danna?"

Na nuna mata.

Ta ce, "To ai wannan shi ne na maidowa. Ga na gwajin nan a gefensa, an ma rubuta."

An rubuta kuwa, da ƙananan haruffan da sai mai tabarau. Ta danna shi, muka ji ƙas, ƙwan ya mutu, fanka na ta juyawarta. Na fara sauke ajiyar zuciya, ashe da saura. Ta ciro wata 'yar na'ura daga jaka ta ce maɓalli kansa kawai yake gwadawa, wannan kuwa har wayarin ɗin take gwadawa. Ta jona ta danna, soket ɗin bai yanke wuta ba. Ta miƙo mini sukundireba ta ce in kwance soket ɗin. Na durƙusa da shaddata a kan siminti na kwance. Ga wayar ƙasa nan, wadda ke kai wutar da ta saki hanya cikin ƙasa, koriya mai ratsin rawaya, a naɗe a bayan akwatin soket ɗin ba a haɗa ta da komai ba. Ni na naɗe ta da hannuna da nufin zan dawo mata, na manta.

Ta rufe littafinta ta ce, "Baba, yau ba zan sa hannu ba. Mata za su haihu a ɗakin nan, ƙasa jiƙe. In ya gyara zan dawo Juma'a da safe."

Kunya gaban suruki ba irin sauran kunya ba ce. Na kasa ɗaga kai. Alhaji bai yi faɗa ba, kuma wallahi na so ya yi. Ya gyara babbar rigarsa, ya zo daidai inda nake durƙushe ya ce, "Tashi, shaddakka na ɓaci." Suka fita.

Ranar nan da washegarinta ban bar soket ko ɗaya a ginin nan ban kwance ba, tabarau a hanci, tsohuwar rigar aiki a jiki. Na je na warware kusoshina na karanta takardar nan daga farko har ƙarshe. Na sami wani soket ɗin ma da irin wannan mantuwa. Hadiza ta yi dariya har da hawaye da na ba ta labari, sannan ta ce, "Ka san dai ƙanwata nan za ta haihu?" Wannan maganar ta fi duk abin da ya faru shiga jikina.

Juma'a Injiniya ta dawo, ta gwada, kowanne ya ce ƙas. Ta sa hannu, har ta nuna mini inda zan sami irin na'urarta. Asabar aka yi walima. Ina raɓe a baya ina fama da ƙashi sai na ji Alhaji yana gabatar da ni ga baƙinsa na Zurmi: "Wanga shi na surukin nawa. Ku bi shi sannu, da yatsa guda shika kashe gari." Aka tuntsire da dariya, shi ma har haƙoransa na gani. Raina bai ɓaci ba ko kaɗan, don dattijo ba ya tsokanar wanda ya fitar daga zuciyarsa.

Sunan ya bi ni har yau. In aka ɗauke wuta a unguwarmu sai in ji maƙwabta ta katanga suna cewa, "Malam, a yi haƙuri a ɗaga yatsa." Ni kuwa na koyi abina. A garin da wuta ke tafiya ba sallama, kafin ka bugi ƙirji ka ce kai ka kashe, fara leƙa gidan maƙwabci tukuna.