Beppe Tjitske da Siririn Allo

"...lafiya lau na tashi, sai dai ganinka da ya ɓata min safiya," in ji Beppe Tjitske, tana kokawa da zif ɗin rigar robarta. "Ina allona?"

Sybren ya sauke kayan daga saman mota, ya shimfiɗa a yashin bakin ruwan Makkum. Kakarsa ta aike shi ne ya kai allonta na wasan sulu a kan ruwa a liƙe masa tsaga, shi kuwa gogan ya yi musaya da shi, ya dawo da wani dogo siriri. Tun da aka yi mata aikin ƙugu ba ta sake tashi sama da ruwa ba. Har ta yi wa uwar Sybren alkawari, in yau ma abin ya gagara, ta ajiye allon da fiffiken kama iskar da ake riƙewa a hannu ke nan, ta koma saƙar safa.

"Ga shi nan, 'yan mata."

"Wannan? Na aike ka da allo, ka dawo min da burodin Faransa?"

"Naki ai ƙofar banɗaki ce. Mai shagon har tambayata ya yi ina makullin."

"Ƙofar nan take ɗaukata tun kana fitsarin kwance!"

"Haba Beppe, ko shekara huɗu ba ki yi da sayenta ba."

"To, ai abin da na faɗa ke nan."

"Ji iskar nan fa, ko kyandir ba za ta kashe ba. Faffaɗan allo ture ruwa yake da ƙirji, ya manne, sai kin yi ta tsalle a kansa kafin ya yi gudun da ƙarfen da ke ƙasansa zai ɗaga ki sama da ruwa. Da wane ƙugun za ki yi tsallen? Na likita? Wannan kuwa yanka ruwan yake, da kansa yake tara gudu."

"Ji wanda ya gudu daga makaranta yana min darasi! Ina zan sa ƙafa a kan wannan tsinken? Tsuntsuwa ce ni?"

"Shamuwa mana. Ga ƙafafun nan."

"Kashe ni kake so ka yi, ka ci gado."

"Gadon me? Kyanwar nan mai ido ɗaya?"

Ta ja tsaki, ta ja allon ta shiga ruwa. Tana hawa ya juye da ita, tinjim! Ta ɗago tana tofar da ruwa.

"Ɗan banza! Ko keken mashayi bai kai wannan rawa ba!"

"Shi ma yau ya fara ɗaukar kayan tarihi, ki yi masa uzuri!"

Ta sake hawa, ta sake faɗuwa. Sybren na tsakiyar ƙyaƙyata dariya ya hango uwarsa a kan ganuwar ruwa, ta jingine kekenta ta harɗe hannu. Nan take ya daina dariyar. Tsohon allon dai ya tafi, ba mai dawo da shi, kuma shi ya ja.

"Beppe! Daina kallon ƙafafun nan, ba za su ƙara kyau ba! Ɗaga fiffiken ki dogara da shi, shi ne sandarki!"

"Sai na fito za ka ga sanda!"

Amma ta ɗaga. Wata 'yar iska ta gifta, fiffiken ya cika, allon ya fara sulalewa. Ko tsalle ɗaya ba ta yi ba, hancin allon ya ɗago, ƙarar ruwan ta ɗauke ɗif. Sai ga tsohuwa a sama, furfura na tashi, tana rangaɗa ihu har agwagin bakin ruwa suka watse.

Sybren ya bi gaɓa da gudu yana tsalle. "Yaya burodin, 'yan mata?"

"Ka ci, ja'iri, ka ci!" Dariya ta kusa kayar da ita. "Yanzu gaya min yadda ake juya wannan abin, ga gaɓar tsallake can tana matsowa!"