Janareton Baba Ilu a Taron Rabuwa da Hayaƙi

Ko zan manta komai na rayuwar aiki, ba zan taɓa mantawa da ranar da kamfaninmu ya yi taron rabuwa da hayaƙi ba. Har yau in na tuna sai in ji gumi ya tsatso mini, ko da a gaban fanka nake.

Ƙaramin kamfanin ɗab'i ne a nan Daura. Muna buga mujalla duk wata, da kalanda, da 'yan littattafan addini waɗanda kasuwarsu ta buɗe tun da aka ƙaddamar da Shari'a. Ni ne mataimakin edita (wato ni ke rubuta komai, edita ya sa sunansa). Injinan bugawarmu kuwa wani tsohon janareto ke juya su, wanda in ya tashi da safe matan unguwa ke rige-rigen kwashe shanya.

Wata rana Manaja, Alhaji Sule, ya dawo daga Abuja da labari. Wai akwai ƙungiyar da za ta ba da kwangilar buga littattafan yara, amma sai ga kamfanin da ya yi alƙawarin rage hayaƙin da yake fitarwa, saboda ɗumamar yanayi. Editanmu yana shirin ritaya, Manaja ya ce in kwangilar ta faɗo, kujerar tawa ce. Jama'a, a take na zama masanin yanayi. Na cika shafi guda da sharhi mai take "Mun Yi wa Hayaƙi Saki Uku". Sai da na karanta wa matata shi tana tankaɗe, ta ce Allah ya sa ba za a nemi kome ba.

Aka sayo farantan sola aka jera a kan rufi, suna ta ƙyalli. Batura da sauran kayan haɗi aka ce suna hanya daga Kano. Aka sa ranar taro, aka gayyato wakilin hakimi da limamin unguwa da wata Madam daga ƙungiyar. Ana gobe taro batura ba su iso ba, wutar gwamnati kuwa mun manta kamanninta.

Manaja ya kira ni ofis. "To, Malam masani, yaya ke nan? Kai ka rubuta a katin gayyata cewa ko lasifikar taron da hasken rana za ta yi aiki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bar mini wannan."

Bayan katangarmu akwai Baba Ilu mai injin niƙa, yana da ɗan ƙaramin janareto mai lafiya. Dabarata ita ce a tayar da shi can cikin gidansa, ƙarar niƙa ta rufe tasa, a zuro waya ta rariya. Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce aro muke so, taro gare mu.

"Haba ɗan nan, wannan har sai ka durƙusa? Man ma ni zan zuba. Maƙwabtaka ta wuce haka."

Na so in ce masa maganar ta tsaya tsakaninmu, amma ta yaya zan dubi dattijo sa'an mahaifina in ce ya taya ni ƙarya? Nauyinsa ya hana ni. Na yi godiya na tashi, na zo na binne wayar da ƙasa, na shimfiɗa darduma a kai, ina jin kaina wani gwani.

Ranar taro aka kafa rumfa, maza gefe, mata gefe. Liman ya buɗe da addu'a, ya ɗan yi nasiha a kan cika alƙawari, ni kuwa na fi kowa gyaɗa kai. Tun safe nake manne da Madam ina zuba mata Turanci ina fassara mata komai, har da abin da ba ta tambaya ba. Da aka kira ni jawabi na gyara babbar riga, na yi magana a kan hamada da ƙarancin damina da gonakin Sandamu, sannan na ɗaga hannu na nuna rufi.

"Wannan murya tawa da kuke ji, rana ce ta kawo muku ita. Babu ɗigon fetur a cikinta!"

Aka yi tafi. Madam ta ɗauke ni hoto. Wallahi a lokacin har na fara tunanin irin labulen da zan sa a ofishin edita.

Abin da na manta shi ne, a garin nan ba a tashi taro sai sanƙira ya ambaci duk wanda ya ba da gudummawa, ko da tsintsiya ce. Namu sanƙiran, Tanimu, ya karɓi lasifika ya fara. Wane ya ba da kujeru, Allah ya saka. Wane ya ba da rumfa, Allah ya ƙara buɗi. Hajiya wance ta aiko da zoɓo. Sai a nan idona ya faɗa kan Baba Ilu, zaune a sahun gaba cikin farar rigarsa ta Juma'a. Duk sunan da aka kira sai ya gyara zaman hula. Da ya ga Tanimu na shirin rufewa, sai ya yafito shi da yatsa ya raɗa masa magana. Ina kallo, Tanimu ya sake ɗaga lasifika.

"Jama'a, afuwa, an yi tuya an manta da albasa!" in ji Tanimu, da iyakar muryarsa. "Baba Ilu mai niƙa, shi ya ba da aron janareton da ke ba mu wuta yanzu haka! Man ma daga aljihunsa! Ga shi can bayan katanga yana aiki tun safe, ko tari bai yi ba! Allah ya saka masa da alheri!"

Rumfa gaba ɗaya ta amsa, "Amin!"

Daga nan aka yi tsit, kowa ya fara haɗa maganata da ta Tanimu. Cikin shirun nan sai ga ƙarar janareto tana tahowa daga bayan katanga, tiryan-tiryan, domin ashe Baba ya rufe niƙa ranar don girmama taronmu. Wani daga baya ya fara dariya yana mayar da ita tari. Wakilin hakimi ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Liman ya dube ni, ya dubi ƙasa. Manaja kuwa ya sami wani muhimmin abin karantawa a jikin robar ruwa.

Ni da ban san inda kunya ta tsaya ba, na sunkuya wajen Madam na ce mata da Turanci ai addu'ar samun damina mai albarka ake yi. Ta dube ni ta yi murmushi, ta ce da Hausa garau, "Malam, a Funtuwa aka haife ni. Tare da kowa na ce amin."

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja dardumar na rufe.

Kwangila dai ta tafi wani wuri, edita ya ɗage ritayarsa, batura suka iso bayan an gama kwashe kujeru. Abin haushin, yanzu da gaske sola ke ba ofishinmu wuta, amma duk wanda na faɗa wa sai ya leƙa bayan katanga. Baba Ilu kuwa har gobe bai san ya yi komai ba. Duk inda muka haɗu sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan nan, in kuna da wani taron, janareto na nan."

An ce kayan aro ba ya rufe katara, na yarda. Abin da na ƙara koya shi ne, in har ƙarya ta zama dole, ka yi ta da kayanka. Na aro yana da mai shi, mai shi kuma yana jiran a gode masa a lasifika.